Yadda Yis Ɗin Burodi Ya Bayyana Sirrin Ciwon Jarirai

Yau za mu leƙa tarihin wani ɗan mitsitsin ɗaki da ke cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, wanda ba a san darajarsa ba sai da aka ga illar rashinsa.

A shekarar 1954 wani ɗalibi a Suwidin, Johannes Rhodin, ya hango wasu 'yan jakunkuna a cikin ƙwayoyin ƙodar ɓera, amma bai gano aikinsu ba. Christian de Duve na Beljiyam ne daga baya ya nuna suna samar da sinadarin haidurojin feroksaid kuma suna rusa shi, ya raɗa musu suna feroksisom. Duk da haka, masana da yawa ba su ɗauke su da muhimmanci ba.

A 1964 likita Hans Zellweger da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani ciwon gado: jariri ya zo duniya jiki saɓule, ga farfaɗiya, ga ciwon hanta, galibi ba ya cika shekara. A 1973 Sidney Goldfischer ya duba hanta da ƙodar irin waɗannan jarirai, bai ga feroksisom ba. Ashe nan ake narkar da wasu nau'o'in kitse, waɗanda in suka taru sukan lalata ƙwaƙwalwa.

To, wa ke gina ɗakin? Amsar ta fito daga yis. A 1989, a Jamus, Ralf Erdmann da Wolf Kunau suka ware yis ɗin da ya kasa rayuwa a kan maiƙo saboda ba shi da lafiyayyen feroksisom. Ta nan aka bi sawun furotin ɗin da ke ginin. A 1992 masu bincike a Japan suka gano ƙwayar gado ta farko da lalacewarta ke haddasa ciwon ga ɗan'adam.

Sai dai kowane ɗakin bincike da sunan da yake kiransu, har abu guda ya zama mai suna barkatai. A 1996 suka amince da suna ɗaya, feroksin, da lambar PEX. PEX3 da PEX19 suna kafa bango, PEX5 ne ɗan dakon da ke shigo da kaya, lalacewar PEX1 kuwa ita ta fi yawan jawo ciwon.

Har yau ciwon ba shi da maganin warkewa, amma iyaye na iya yin gwaji su san abin da ya ɗauke musu ɗa.