"Turo rabi tukuna": tarihin kafin alƙalami a kan abinci

1/ Jiya wani abokina ya cika mu da mita, wai wani gidan abinci a Abuja ya ce sai ya biya rabin kuɗi ta manhaja kafin a ajiye masa teburin mutum 15. Ya ce raini ne. Ni ɗan mai tuwo ne daga Bakura, ku matso in ba ku tarihin abin. 🧵

2/ A zamanin fatake ba a san wannan ba. Ayarin goro ya taso daga Gwanja, ya sauka zango, fatoma ya ba da masauki da tuwo, ya nemo masu saye. Sai an yi ciniki yake cire la'adarsa. Jinginar ita ce sunanka da na ubangidanka. Ka ci amana sau ɗaya, labari ya riga ka isa zango na gaba.

3/ Har Bature ya yi nazarin tsarin. Abner Cohen ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda maigida ke ciyar da baƙin 'yan kasuwar shanu da goro, ya tsaya musu a kan bashi.

4/ Mu dawo gida. Da aka zo gina dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978, leburori suka kwararo daga ko'ina. Kakata na cikin masu dafa musu. A ci bashi, a biya ƙarshen wata. Ta ce wasu da albashi ya shigo sai a neme su a rasa. Ba ka san garin mutum ba, wa za ka kai wa ƙara? Nan ta koyi cewa baƙo kuɗi hannu.

5/ Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Da ta iso mana, oda ta koma murya: "Hajiya, a yi mana na mutum hamsin ranar Asabar." Ba fuska, ba shaida. Mai abinci ce za ta sayi shinkafa, mai, nama da itace da jarinta.

6/ Ranar da ba na mantawa: Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka kuma rufe kasuwannin mako. Innarmu ta karɓi odar walimar mutum 60 da baki kawai. Ta sha wuya kafin ta haɗa cefane. Ashe an ɗage taron, ba hanyar sanar da ita. Muka zauna gaban tukwane har la'asar. Almajirai suka ci, ita kuma jarinta ya karye.

7/ Masu odar ba mugaye ba ne. Amma asarar a kan mutum ɗaya ta faɗa.

8/ Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa kowa koyon taransfa da POS. Tun daga nan Innarmu ba ta ɗora tukunyar taro sai ta ji alat.

9/ Turawa ma ciwonsu ke nan. An kafa OpenTable a San Francisco ta Amurka a 1998 don kama tebur ta intanet. Yau gidajen abinci da yawa kan riƙe bayanan katinka, in ba ka zo ba su cire tara. Kafin alƙalami ne, na'ura ce kawai ke karɓa.

10/ Inda abokina ke da gaskiya: na'ura ba ta san uzuri ba. Ba ta san an yi rasuwa ba, ba ta san hanya ba ta biyuwa yau ba. Innarmu kuwa, in ka sanar kafin ta yi cefane, kuɗinka za su dawo cif. In ta riga ta sayi nama, shi kaɗai take cirewa.

11/ Don haka kafin ka tura, tambayi abu uku: nawa ne kafin alƙalamin, zuwa yaushe zan iya fasawa, me za a mayar mini? A rubuto maka amsa, ko da a WhatsApp ne.

12/ In kuma ka fasa, don Allah ka kira. Bayan kowace oda akwai wata da ta tashi tun asuba ta hura wuta.