Bahasi a kan Tushen Sankarar Jini da Dalilin Gagararsa ga Magani

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna wahalar da ma'abota ilmin likitanci akwai wannan: mene ne sababin da maganin da ya share sankarar jini daga jijiyoyin majiyyaci, har na'urar awo ta kasa ganin alamarta, yake gazawa wajen tumɓuke ta daga ɓargo? Ra'ayin da muke ganin ya fi ƙarfin hujja shi ne, ƙwayar gadon da ta assasa cutar ba ita kaɗai ke riƙe da ran tushenta ba.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke kira CML. A shekarar 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani guntun kuromosom a ƙwayoyin masu cutar a birnin Filadelfiya na Amurka, sa'an nan a 1973 Janet Rowley ta tabbatar da cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar ɓangarori, kuma daga wannan musaya aka sami gurɓatacciyar ƙwayar gado mai suna BCR-ABL, wadda furotin ɗinta ba ya daina umartar ƙwayoyin jini su hayayyafa, har fararen ƙwayoyi su cika jini, saifa ta kumbura ta yi tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Da aka halatta maganin imatinib a 2001, wanda ke toshe aikin wannan furotin, sai cutar da a da take kisa cikin 'yan shekaru ta zama abin da mutum ke rayuwa da shi, muddin yana shan ƙwayar magani kullum.

Amma fa a ɓargo akwai uwayen ƙwayoyi 'yan kaɗan waɗanda dukkan jini ke fitowa daga gare su, kuma a cikinsu cutar take farawa. Tessa Holyoake ta nuna a 1999 cewa wasu daga cikin uwayen nan, ko da yake suna ɗauke da BCR-ABL, barci suke yi, ba su rarrabuwa. A 2002 jama'arta a Gilasgo suka rina ƙwayoyin da wani rini wanda haskensa ke raguwa da rabi duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, suka zuba musu imatinib. Masu rarrabuwa suka halaka, amma waɗanda rininsu ya zauna da cikakken haske suka tsira. Sha'aninsu ya yi kama da irin wuta-wuta, wanda manomi zai nome ciyawarsa sarai, alhali irin yana kwance cikin ƙasa shekara da shekaru.

Mai jayayya zai iya cewa illar daga BCR-ABL take, domin takan sauya siffarta yadda magani ba zai kama ta ba, kamar sauyin nan T315I da aka gano a 2001. Wannan gaskiya ne ga wasu majiyyata, kuma dominsa aka samar da maganin ponatinib, wanda aka halatta a 2012. Sai dai bai wadatar ba, saboda a 2011 ɗakin binciken Brian Druker, wanda shi ne jagoran gwada imatinib tun farko, ya nuna cewa maganin yana shiga uwayen ƙwayoyin, yana kashe aikin furotin ɗin, amma duk da haka ba su mutuwa. Ashe suna da wasu madogarai. A 2016 Holyoake da abokan aikinta suka bayyana cewa rayuwarsu ta rataya a kan ƙwayar gado MYC, mai rura wutar girma, tare da danne p53, wadda aikinta shi ne hukunta gurɓatacciyar ƙwaya da mutuwa. Da aka raunana ta farko aka farfaɗo da ta biyu a lokaci guda, sai uwayen suka ragu ƙwarai a jikin ɓerayen gwaji. Haka kuma a sankarar jini mai gaggawa, AML, an ga uwayen sun dogara ga BCL-2 mai hana mutuwa, kuma a kan wannan asasi aka halatta haɗa magungunan venetoclax da azacitidine a 2018.

Gwajin da aka yi a Faransa, wanda François-Xavier Mahon ya wallafa natijarsa a 2010, ya ƙara wa wannan ra'ayi nauyi: cikin waɗanda suka daina imatinib bayan shekara biyu ba a ga alamar cuta a jininsu ba, kusan shida cikin goma cutar ta dawo musu, galibi cikin wata shida. Saboda haka bai halatta majiyyaci ya ajiye magani don ya ji sauƙi ba, sai da izinin likita da awon jini a kai a kai. Su kuwa masu bincike, wajibinsu ne su nemi magunguna da za a haɗa su rufe madogarai biyu ko uku tare, domin toshe BCR-ABL ita kaɗai yana tsare cutar ne, ba ya kawar da ita ga mafi yawan masu fama da ita.