Kalmar "Almucantar" ta Turanci da Ma'anonin Tushenta a Larabci

Daga cikin kalmomin da Turanci ya aro wurin malaman falaki na Musulmi, waɗanda yau ba mai furta su sai ma'abota wannan fanni, akwai "almucantar", wadda ke nufin da'irar da ake ƙaddarawa a sararin samaniya daidai da shimfiɗar ufuƙi, ta yadda duk taurarin da suka hau kanta tsayinsu ɗaya ne daga ƙasa a wannan lokaci. Asalinta "al-muƙanɗarat" ne, kuma tana cikin risalar da Geoffrey Chaucer ya rubuta wa ɗansa Lewis a 1391 kan aiki da usɗurlabi, wato na'urar auna tsayin rana da taurari, inda ya bayyana cewa faifan da ya ba yaron an tsara shi ne bisa matsayin birnin Oxford, da'irorinsa kuwa tsakanin kowace da 'yar'uwarta daraja biyu.

Abin da ya wajaba a tsaya a kansa shi ne cewa haruffa huɗu na tushen kalmar, ƙafi da nuni da ɗa'i da ra'i, suna ɗauke da ma'ana biyu da ba su haɗa hanya ba. Ta farko ita ce "ƙanɗara", wato gada mai baka, wadda daga gare ta garin Alkantara na Andalus ya sami suna, saboda gadar da Rumawa suka gina bisa kogin Tagus a zamanin sarki Trajan. Ta biyu ita ce "ƙinɗari", ma'aunin nauyi wanda asalinsa kalmar Latin ce mai nufin ɗari, kuma da wannan ma'ana siffar kalmar ta zo a aya ta 14 ta Suratu Ali Imrana, wajen ambaton dukiyar da aka tara tsibi-tsibi. Saboda haka almajirin da ya fara sanin kalmar a zauren tafsiri yana iya zaton ita ce ta falaki, alhali kuwa ba haka ba ne.

Hujjata a kan fifita ma'anar gada tana jikin faifan kansa, domin wanda ya riƙi usɗurlabi na tagulla ya duba zai ga layukan a lanƙwashe, wani bisa wani, kamar bakan gizo a rufin soro, suna ƙanƙancewa har su tuƙe a ɗigon da ke tsaye bisa kan mai dubawa. Da su ne masu kiyaye lokutan salla suke auna tsayin rana su san shigar la'asar.

Daga baya Seth Chandler, Ba'amurke, ya raɗa wannan suna ga madubin hangen taurari da ya ɗora bisa zaiba don ya zauna daidai, kuma awon da ya yi da shi na cikin abin da ya kai shi ga bayyana, a 1891, cewa ƙusar da duniya ke juyawa a kanta tana 'yar tangaɗi da ke kewayowa cikin kimanin wata 14.