Asalin Gidan Flammarion

A gabashin ƙasar Faransa akwai wani ɗan gari wai shi Montigny-le-Roi. A nan aka haifi wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya: Camille a 1842, da ƙanensa Ernest a 1846. Sunan gidansu Flammarion.

Ana nan sai karayar arziki ta sami mahaifinsu, suka tattara suka koma Paris. Camille tun yana ƙarami hankalinsa na kan taurari. Yana da shekara 16 aka ɗauke shi aikin lissafi a gidan hangen taurari na Paris, ƙarƙashin Le Verrier, malamin nan da ya gano inda duniyar Neptune take da alƙalami tun ba a hango ta da madubi ba. To, Le Verrier ba ya ɗaukar wargi. Da yaron ya fitar da littafi a 1862 yana cewa akwai masu rai a wasu duniyoyin, sai aikin ya ƙare. Korar ta zame masa gobarar Titi, don daga nan ya rungumi rubutu.

Shi kuwa Ernest sai ya kama cinikin littattafai. Ya haɗa jari da wani Charles Marpon, mai rumfa a barandar gidan wasan kwaikwayo na Odéon, inda masu wucewa kan tsaya su buɗe littafi, su karanta a tsaye, wani ya saya, wani ya ajiye ya yi gaba.

A 1880 suka buga littafin Camille mai suna Astronomie populaire, wanda ya bayyana rana da wata da taurari yadda ko leburan masana'anta zai gane, ga hotuna birjik. An fara sayar da shi kashi-kashi, da araha, kuma a ganina dabarar ke nan. Aka sayar da fiye da kwafi 100,000. Da ribarsa kamfanin ya tsaya da ƙafafunsa, har ya riƙa buga manyan marubuta irin su Zola da Maupassant.

Wani mai karatu da littattafan Camille suka burge ya ba shi kyautar gida a Juvisy, kudu da Paris, Camille ya mai da shi gidan hangen taurari a 1883. Marpon ya rasu a 1890, kamfani ya koma hannun Ernest shi kaɗai, 'ya'ya da jikoki suka gada, har aka sayar da shi a 2000. Yanzu yana hannun masu kamfanin Gallimard, amma ba a canza masa suna ba.