Dokin Ƙofa da Sanyin Jos: Yadda Iyayenmu Suka Koyi Tare Ruwa da Iska

A damina da ta wuce, wata rana na fito limancin Asuba sai na tarar sahun baya na masallacinmu ya jiƙe sharkaf. Rufi bai yi yoyo ba, taga kuma a rufe take. Ta ƙarƙashin ƙofa ruwan ya shigo, don sabon marfin ƙarfen da muka sa ya bar tazarar da ta kai yatsa biyu. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Liman, ai wannan matsalar kakanninku sun gama da ita tun kafin a haife ku." Maganarsa ce ta sa na zauna bin diddigin abin.

Tun kafin Turawa su zo, Hausawa sun san kuzar wannan yanki. Mutanen Riruwai suna narka ta suna sayarwa. Amma zuwan jama'a da yawa ya fara ne bayan da kamfanin Neja ya kafa sansani a Naraguta wajen 1904. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914, babban kuma ta Kafanchan a 1927. Daga nan leburori, mahauta, 'yan koli, maɗinka da malamai suka yi ta kwararowa daga Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi da Sakkwato.

Abin da suka tarar ba irin na gida ba ne. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200. Ruwan da take samu a shekara yakan kai milimita 1,400, alhali na Kano wajen 900 ne ko ƙasa da haka. Ga marka a Yuli da Agusta, ga ƙanƙara wani lokaci, ga hunturun Disamba da Janairu mai hana mutum taɓa ruwan alwala.

A ƙasar Hausa, magina suna da iliminsu. Sun san hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa suke ba bangon gabas kulawa ta musamman, ba sa son ƙofa ta fuskance shi kai tsaye. Suna shafe gini da makuba ko laso, su sa indararo ya jefa ruwan soro nesa da gindin bango. A bakin ɗaki kuwa akwai dokin ƙofa, wato ɗan tudun nan da ake tsallakawa kafin a shiga. Shi ke hana ruwan tsakar gida kwararowa ciki. Marfin kuma ko ƙyaure ne, ko tufaniya, da rana a saki asabari. Wannan tsari ya wadatar a inda ruwa ke sauka ya ɗauke, rana ta fito ta busar. A Jos kuwa sai a kwana uku ƙasa ba ta bushe ba. Duk wanda ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan kayan tarihi na Jos, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, zai ga irin ɗawainiyar da ginin ƙasa yake buƙata a garin nan. Wannan ne ya sa mutanenmu suka rungumi rufin kwano da wuri, suka ɗaga dokin ƙofa, suka zazzago da bakin rufi ya rufa wa ƙofa asiri.

Ba kowa ne ya samu wannan gatan ba. A barikokin kuza leburori a bukkokin ciyawa suke kwana. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar mutane aikin tilas daga lardunan Arewa. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato aka kawo shi da 'yar taguwa ɗaya, abinci bai isa ba, makwanci iska na ratsa shi ta ko'ina. Da yawa sun kamu da ciwon ƙirji, wasu sun gudu, wasu kuma a nan aka binne su. Allah Ya jiƙansu. Saboda haka idan ka ji tsoho a garin nan yana faɗa a kan "a toshe ƙarƙashin ƙofar nan", ba fitina ba ce. Ya san abin da sanyi ya yi wa na gabansa.

Ni na taso na ga kakata kullum bayan Isha'i tana naɗe tsohon buhun algarara, ta danna shi a gindin ƙofa. Da safe ta ɗauke ta shanya. Aikin mata ne da yara, ba a biyan ko kwabo. Illarsa ɗaya: yana tare iska, amma ruwa sai ya tsotse shi ya shigo da shi ciki, kuma idan aka bar shi a jiƙe yakan ruɓar da gindin katakon.

Da motoci suka yawaita, sai aka samu abin da ya fi buhu. Kafintoci suka fara yanka tsohon tib na taya, su shimfiɗa shi a ƙasan marfi ta waje, su danne da siririn katako, su buga ƙusa. Robar tana share ƙasa idan an buɗe, ta kwanta a kan dokin ƙofa idan an rufe. Mu da muke maƙwabtaka da kasuwar Katako mun fi kowa sanin dalilin da ya sa ake buƙatarta. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Dole kafinta ya bar 'yar tazara, in ba haka ba a watan Agusta ƙofar ta ƙi buɗuwa. To tazarar nan da ta cece ka da damina, ita ce ke buɗe baki a Janairu. Roba ce ta sasanta tsakani. Tsofaffin kafintoci kuma sukan ƙara wani katako mai gangare a ƙasan marfin, don ruwan da ya gangaro ya ɗiga a waje.

Sai kuma zamanin ƙofar ƙarfe. Tun bayan rikicin Satumban 2001, da na 2008 da na 2010, hankalin kowa ya koma kan tsaro, kuma ba wanda zai ga laifinmu. Aka cire katako aka kira mai walda. Amma a nan muka yi sakaci. Muka riƙa tambayar kaurin ƙarfe da ƙarfin kwaɗo, muka manta da ƙasa. Wasu ma suka rushe dokin ƙofa don su shigar da babur ko su shimfiɗa tayil bai ɗaya. Ni kaina na yi wannan kuskuren a shagona. Ruwan dare ɗaya ya ɓata mini buhunan sukari da na gishiri da ke jere a ƙasa. Kuɗin da na yi asara ya isa a gyara ƙofofin layinmu gaba ɗaya.

Ba ruwa da iska kaɗai ke bi ta nan ba. Ɓera ma hanyarsa ke nan. Zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci, yana da tarihi a garin nan. An gano shi a 1969, bayan an kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa zuwa Jos ta rasu. A farkon 1970 kuma ya ɓarke a asibitin Evangel, har ya kashe likita Jeanette Troup. Mu da ke ajiye hatsi a gida da shago, mu sani inda ɗan yatsa ya shiga ƙaramin ɓera zai shiga. Kuma yana cin roba, don haka a wurin ajiyar abinci sai an ƙara da fallen kwano.

Amma ga wani gargaɗi da ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Ɗakin kakanninmu yana numfashi ta rufi da tufaniya, shi ya sa suke kwana da wuta a ciki. Namu na siminti ne, da silin, da tagar gilashi. Idan ka toshe ƙarƙashin ƙofa, ka shigo da kaskon gawayi, ka rufe taga, to ka tara wa iyalinka wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yana barci zai wuce. Haka hayaƙin janareta idan aka ajiye shi a zaure ko bakin ƙofa. A cikin koyarwar Manzon Allah (SAW) an haɗa mana abubuwan nan wuri ɗaya: rufe ƙofa da dare, rufe abinci, da kashe wuta kafin a kwanta. Mun riƙe na farko, mu riƙe sauran.

Shawarata ga maigida, kafin hadarin Afirilu ya fara haɗuwa: da rana ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka duba ƙasa. In ka ga haske, to ruwa da iska da ɓera duk sun ga hanya. Ka sa birkila ya ɗaga dokin ƙofa kamar inci biyu, ya ba shi gangare zuwa waje. Ka sa roba ta waje, ba ta ciki ba. Ka share kwatar ƙofar gida, don idan ta toshe ba dokin ƙofar da zai cece ka. Da hunturu kuma a ɗumama ɗaki, a fitar da kasko waje, sannan a rufe.

Ƙofar masallacinmu dai mun gyara ta da tib ɗaya da siminti kwano biyu, kuma dattijon nan ne ya tsaya a kan yaran har suka gama. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.