Dalma a Laka: Haƙar Gwal da Makomar Nau'o'in Kifi a Ruwayen Yargalma

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci tasirin haƙar gwal a kan kifayen kududdufai da rafukan Yargalma, a ƙaramar hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Matsayarta ita ce ganin kifi a komar masunci ba ya nuna ruwa lafiya yake, domin nau'in da ya jure guba yana ɓoye asarar wanda ya kasa jurewa.

Gabatarwa

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano mutuwar yara ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka. Yargalma da Dareta ne aka fara bincikawa, kuma yaran da suka rasu a yankin sun haura 400. Sanadin shi ne dutsen gwal mai ɗauke da dalma, wanda ake dakawa a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida. Tun kafin a gane cutar, mutanen gari sun lura agwaginsu suna mutuwa. Agwagwa a bakin kududdufi take kiwo, tana cusa baki cikin taɓo, a wurin da kifi ke cin abincinsa.

Waiwaye

Masu nazarin ruwan wuraren haƙar kwal, irin su kogin Ekulu na Inugu, sun saba da ruwa mai tsami da jan tsatsa, wanda ido ke gani. Wannan ma'auni bai dace da Zamfara ba. Wanda kuma nake jayayya da shi ya fi wannan: ra'ayin cewa dalmar da ke cikin dutse ba ta narkewa, don haka ba ta isa jikin halittun ruwa. Binciken hukumar USGS ta Amurka da aka buga a 2013 ya nuna ruwan sama da iska sun riga sun sauya wani ɓangare na dalmar duwatsun nan zuwa nau'i mai saurin narkewa. Ayarin hukumomin UNEP da OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya zo a 2010 kuma ya sami dalma mai yawa a ruwan kududdufai, alhali burtsatsai ba su gurɓata ba. Gubar a sama take, inda ake wankin gwal.

Hanyar Bincike

An haɗa waɗannan rahotanni da abin da kimiyya ta tabbatar game da ci da numfashin kifayen yankin.

Sakamako

Dalma da zaibar da ake kama gwal da ita suna nitsewa su kwanta a laka. Idan damina ta sauka, ambaliya ta kwashe lakar zuwa fadamu da rafukan da ke malala cikin Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ta Gummi. Dalma tana hana kifi ɗaukar sinadarin ƙashi ta gaɓoɓin numfashinsa, tana karkatar da ƙashin bayan 'ya'yan kifi, kuma ƙwai da ƙananan ne suka fi saurin halaka. Zaiba kuwa, ƙwayoyin halittar da ke cikin taɓo suna mayar da ita nau'in da ke taruwa a tsoka, yana ƙaruwa daga ƙaramin kifi zuwa babba mai cinsa, kamar giwan ruwa.

Babban abin lura shi ne juriyar kifaye ba ɗaya ba ce. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iska kai tsaye, don haka ruwan wanki mai kauri da ke shaƙe sauran kifaye ba ya kashe su da wuri. Gaiwa tana binne kanta a laka har rani ya wuce, tarwaɗa tana rayuwa a ɗan taɓon da ya rage. Idan masu rauni suka ragu, waɗannan ne ke cike gurbi. Masunci zai ɗago komarsa da nauyi, ya ce Alhamdu lillahi, amma nau'o'in da ke ciki sun taƙaita. Mai bincike da ya auna nauyin kamu kaɗai zai rubuta cewa babu matsala.

Abin damuwar ya wuce kifi. Tarwaɗa, gaiwa da ƙurungu a ƙasan ruwa suke kiwo, suna cin tsutsa da katantanwar da suka rayu cikin laka mai dalma. Su ne kuma ake banda a kai kasuwa, a jefa a miya. Hukumar ƙa'idojin abinci ta Codex ta ƙayyade miligiram 0.3 na dalma a kowane kilo na naman kifi, ga yaron da jininsa ya riga ya ɗauki dalma kuwa, duk ƙari illa ne.

Iyakokin Bincike

Maƙalar ta dogara da rahotannin da aka buga, domin rashin tsaro ya hana ɗibar sabon samfuri. Wannan bai taɓa hujjar ba.

Kammalawa

Aikin tsabtace ƙauyuka daga 2010 zuwa na ƙauyen Bagega a 2013 ya auna nasararsa da ƙasar gidaje da jinin yara, kuma ya ceci rayuka. Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara na 2019 a Disamba 2024, don haka wankin gwal na iya ƙaruwa. Wajibi ne a riƙa auna laka da naman kifi, a ƙirga nau'o'i kafin damina da bayanta tare da sarakunan ruwa, a kuma nesanta wuraren wanki daga kududdufan da ake su a cikinsu.