Goyon da Alƙalami Ya Daɗe Bai Gani Ba

Ina aji biyar a wata makarantar firamare a Keffi aka ba mu insha'i a kan hutun ƙarshen zango. Na rubuta cewa na yi makwanni uku a ƙauyen su babana. Malaminmu ya ja layi da jan biro ƙarƙashin kalmar, ya rubuta makonni a samanta. Na karɓi gyara. Da muka shiga aji shida, sabon malami ya soke makonni ya mayar mini da makwanni. Ba ni da bakin yi wa ko ɗayansu musu, sai na kai ƙara gida. Na ce, "Iya, idan mako ya yi yawa me ake cewa?" Ita ba ta san boko ba. Ta dai faɗi kalmar tana tsintar shinkafa a faifai, ni kuwa na zuba wa bakinta ido. Tun kafin sautin k ya fito, leɓɓanta sun riga sun tattaru sun yi zobe. Na roƙe ta ta ce mako kawai, sai na ga zoben nan yana nan daram.

Sai da na girma na san malaman harshe suna kiran wannan abu leɓantawa. Idan za ka ce ka, doron harshe ne ke tashi ya taɓa hanɗa, ya tare iska, sannan ya sake ta. Idan za ka ce kwa, aikin harshen yana nan yadda yake, leɓɓa ne kawai suka ƙara nasu ɗan aikin a daidai wannan lokaci. Wanda ya fara kiran irin waɗannan baƙaƙe masu goyo ya iya sa suna, domin uwa da goyonta sawu ɗaya suke bari a ƙasa. Hujjar ma tana bakinmu. Bahaushe ba ya fara gaɓa da baƙi biyu, shi ya sa ya cusa wasali a burodi da burki da firamare. Da kw baƙi biyu ne, da ya raba su tuntuni. Bai raba ba, ya bar kwana da gwani da ƙwai yadda suke, kuma ɗan zoben nan ne kaɗai ya raba ƙarya da ƙwarya.

Sautin ya girmi rubutu nesa ba kusa ba, kuma duk rubutun da ya zo ƙasar Hausa sai da ya yi kokawa da shi. Larabci ba shi da kw da gw, don haka malaman ajami kowa ya nemi dabararsa. Wani ya jingina da rufu'a da wau, wani ya bar mai karatu ya gane daga ma'ana. Wasu kuma suka ɗora ɗigo uku a kan baƙin, alamar cewa yana ɗauke da goyo, ko na leɓe ko na ganɗa irin na kyau da gyaɗa. Wannan dabara ta ɗigo uku ta rayu har ta shiga na'ura: a 2020 tsarin Unicode ya karɓi gain da ƙaf masu ɗigo uku domin masu rubuta ajamin Hausa.

Turawan ƙarni na 19 kuwa kunnensu ne ya ruɗe su. Zoben leɓɓa yakan shafi wasalin da ke kusa da shi, sai a ta yi wa baƙo kama da o. Shi ya sa a rubuce-rubucen zamanin Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, da J. F. Schön mai ƙamusun 1876, za ka ga bakwai ta zama bokoi ko bokoy, takwas ta zama tokos, akwai ta zama akoi. Kuskuren bai tsaya a littafi ba, ya hau taswira ya zauna. Sakkwato ta zama Sokoto, Kwantagora ta zama Kontagora, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Gwandu ta daɗe tana Gando, Faransawa kuma suka rubuta Birnin Ƙwanni da Konni. Yau akwai yaran da suka tashi a birni suna faɗin Sokoto yadda allon hanya ya rubuta, ko da Hausa suke magana. Wannan yana damuna fiye da yadda zan iya faɗa.

Keffi ta ga wucewar irin waɗannan baƙi, domin tana kan hanyar fatake daga Loko a bakin Binuwai zuwa Zariya da Kano. Gerhard Rohlfs ya sauka a garin a 1867, ya kira shi da sunan Abdu Zanga, Bafulatanin da ya kafa shi a wajajen 1800. A 1894 Charles Robinson ya bi ta nan zuwa Kano yana tattara kalmomin da suka zama ƙamusunsa na 1899. Shekara uku bayan fitar ƙamusun, a Oktoban 1902, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a Keffi ya nufi Kano, Lugard, jagoran Turawan mulki, ya riƙe wannan hujja ya tura yaƙi, Kano ta faɗi a 1903. Daga nan boko ya tashi daga littafin matafiya ya koma rubutun hukuma, dole kuma a tsayar masa da ƙa'ida.

Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutu a 1912. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, Rupert East da abokan aikinsa a Hukumar Talifi ta Zariya suka tabbatar da baƙaƙe masu ƙugiya, sannan a Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta ɗauki goyon a sunanta ta kai shi kowane lungu. Ƙa'idar da ta zauna, wadda Hukumar Hausa ta 1955 da tarukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980 suka tarar suka bari, ita ce a rubuta w a gaban a da i, kamar kwando da gwiwa, amma kada a rubuta ta a gaban o da u. Dalilin mai kyau ne. Duk k ko g ko ƙ da ta zo kafin o ko u, dama da zobenta take fita, ba sai an nuna ba. Babu mai rubuta kwoyo ko gwoma, alhali abin da leɓɓa ke yi ke nan.

A nan amsar rigimar malamaina take. Goyon yana ɓoye a cikin mako, o ce ta lulluɓe shi. Da zarar o ta kauce sai ya bayyana: ango ya ba da angwaye da angwanci, dogo ya ba da dogwaye, rago ya ba da ragwanci. Gajeriyar o kuma ba ta jin daɗin zama a rufaffiyar gaɓa a tsakiyar kalmar Hausa, takan koma a ta bar zobenta a kan baƙin da ke gabanta. Mai rubuta makonni da saƙonni yana kiyaye surar tushen kalma, mai rubuta makwanni da saƙwanni yana bin kunne. Jaridu da gidajen rediyo suna amfani da duka biyun har gobe. Ni dai na bi bakin Iya.

Wannan ɗabi'a ce ta tarbi kalmomin Ingilishi da suka kwararo bayan 1903. Sau da yawa inda Bature ya zo da o a bayan k ko g, Bahaushe ya karɓe ta da wa: gwamna, kwamishina, kwamiti, kwalta, gwal, kwabo, har zuwa kwamfuta ta zamaninmu. Sunan tsohuwar makarantar garinmu, Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu, goyo biyu ne a jere, kuma babu ko ɗaya a kalmomin da aka aro.

Akwai hasarar da aka yi a hanya, ita ma ya kamata a faɗe ta. Da aka ɗora daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano, baƙaƙe uku kaɗai aka bari da goyon leɓe, wato kw da gw da ƙw, kamar yadda ɗalibi zai gani a Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Farfesa Mu'azu Sani Zariya. Hausar yamma ta fi haka wadata. Basakkwace yana cewa ɗwaci inda Bakano ke cewa ɗaci, yana cewa swahe a maimakon safe, kuma daga Katsina har Maraɗi za ka ji hwara da hwari da hwaɗi. Bargery ya shigar da irin waɗannan a ƙamusunsa, ya nuna yankin da ake faɗarsu. Makaranta kuwa ta mayar da su abin gyara da jan biro, yaro ya taso yana jin kunyar bakin kakarsa, alhali masana tarihin harshen suna ganin yamma ce ta riƙe tsoffin siffofi da dama da Kano ta saki.

Ba mu kaɗai ke da wannan sauti ba. Rubutun Habasha ya ware wa irinsa haruffa na musamman tun ƙarnoni da suka wuce, qu ta Latin ma shi ne, kuma a taron Kiel na 1989 masana furuci na duniya suka amince a riƙa nuna shi da 'yar ƙaramar w a saman kafaɗar baƙi. Su ma goyo suka zana.

Amma inda lamarin ya fi taɓa ni shi ne nan gida. Keffi gari ne da Hausa ke zaune a tsakiyar wasu harsuna: Gwandara, wadda ta fi kowane harshe kusa da Hausa, ga Gbagyi, ga Eggon da Mada ta wajen Akwanga, ga Afo da Gade. Da yawansu suna da gb da kp, waɗanda Hausa ba ta da su. A gb leɓɓa rufewa suke yi ruf a daidai lokacin da doron harshe ya tare hanɗa, sannan a sake su tare. Waɗannan tagwaye ne, babu uwa babu ɗa. Harshen Ibo yana da duka biyun, shi ya sa abacadansa ya ware gb da gw, ya ware kp da kw. Kunnen Bahaushe da ya ji tagwayen sai ya miƙa musu abin da ya fi kusa a rumbunsa. Ta haka gbanjo ta Yarbawa ta zama gwanjo, apoti tasu, wadda p ɗinta kp ce a baki, ta zama akwati, ƙasar Ngbanya da fatake ke zuwa sayen goro ta zama Gwanja. Ta haka kuma Gbari ta zama Gwari, mutanen Panda da ke kiran kansu Nyankpa muka san su da Yeskwa.

Akwati da gwanjo sun zama namu, babu mai ƙwace su. Sunan mutane kuwa wani abu ne dabam. Na yi shekaru ina ce wa wani abokin aikina Bagware, ban taɓa kawo komai a raina ba, har ranar da ya ce mini cikin natsuwa, "Malam, mu Gbagyi ne." Kalmar Gwari ta kwashi raini a bakin Hausawa, har aka ƙera gwaranci daga cikinta, kuma duk mun san abin da ake nufi da ita. Na gwada faɗin sunan a gabansa, gw ta fito. Na sake, b ta fito ita kaɗai. Ya ce in rufe leɓɓa kamar zan ce ba, in ɗaga harshe kamar zan ce ga, in sake su lokaci guda. Na kwana uku ina maimaitawa a hanyar masallaci kafin ta zauna.

Ɗana ƙarami bai sha wannan wahala ba. A layinmu ya tashi da yaran Gbagyi da na Eggon, suna buga ƙwallo tare tun suna tatata. Ranar kasuwa na tafi da shi sayen doya, mai doyar ta tambaye shi ko ya san yarenta. Ya ce, "Mama, ai ke Gbagyi ce," leɓɓansa suka rufe suka buɗe ba tare da ya san ya yi wani abu ba. Ta yi dariya ta ƙara masa ƙwarya guda ta gyaɗa, ya rungumo ta muka kama hanyar gida.